Ƙullin Maganin Gardi Ya Fi Macijinsa Kisa

Duk ranar da aka ta da maganar masu wasa da maciji a kasuwanninmu, amsar ɗaya ce: al'ada ce, gado ne, a ƙyale bayin Allah su nemi abincinsu. Wasu kan ƙara da cewa ai gardi ya sha magani tun yana goye, ya dafu, maciji ba ya yi masa komai, kuma akwai abin da ya sani wanda likita bai sani ba. Wannan ra'ayi ya samu gindin zama har a cikin 'yan boko. Su ba za su yarda ɗansu ya sha ƙullin gardi ba, amma suna ganin wasan kayan tarihi ne da ya dace a nuna wa baƙi ranar biki. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Wasan gardi talla ne, kuma hajar da ake tallatawa tana kashe mutane, galibinsu manoma da makiyaya da ba wanda ke ƙirga gawarsu.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar ƙauye ya san yadda abin yake tafiya. Rana ta karya, ciniki ya lafa, sai ganga ta tashi a gefen 'yan tumaki. Jama'a su yi da'ira, yara a gaba suna tsugune. Gardi ya zo da warkinsa da layu birjik a damtse, ya buɗe akwatin katako, ya zungura, gamsheƙa ta miƙe ta fasa kai. Ya yi mata kirari, ya yi wa kansa, ya rataya ta a wuya, wani lokaci har ya cusa kanta a bakinsa. Mata su yi salati, samari su yi shewa. Daga nan sai ya jawo wani yaro daga cikin 'yan kallo, ya ɗora masa macijin a kafaɗa, yaron ya sandare yana hawaye, manya suna dariya. Can da zukata suka gama cika da mamaki, sai yaron gardi ya kwance buhu: gari ne ƙulli-ƙulli a leda, da saiwoyi, da laya. A ce wanda ya sha wannan da kunu ko ya taka maciji ba zai sare shi ba, in ma ya sare shi dafin ba zai hau ba. Hannuwa su shiga aljihu. Duk gangar nan da kirarin nan, don wannan buhun aka yi su.

A Indiya da Maroko, inda wannan sana'a ta yi suna, masu kula da lafiyar dabbobi sun sha buɗe bakin macizan masu wasa, kuma abin da suke tararwa sananne ne: an karya fiƙoƙi, ko an farke jakar dafi, ko an ɗinke bakin da zare aka bar ɗan gurbin da harshe zai leƙo. Macijin da aka yi wa haka baki yake ruɓewa, ba ya iya cin abinci, a hankali yunwa da ciwo su kashe shi, a koma daji a kamo wani. Wanda ya ce macijin gardinmu daban ne, asiri ne ya ɗaure shi, to magana ba ta da tsawo. A bari likitan dabbobi ya buɗe bakin a gaban jama'a, a wannan da'irar da aka tara. Kuma ko an karya fiƙar, ba a tsira ba, domin maciji yana sake haƙori duk tsawon rayuwarsa. Wanda aka karya yau, wani na nan tafe a bayansa. Yaron da aka ɗora wa gamsheƙa a kafaɗa, ransa ya rataya ne a kan ko gardi ya tuna ya duba bakin a makon nan. Uban yaron bai san haka ba, kuma ba wanda ya nemi izininsa.

Mu da muke karanta labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, ban san da wane baki za mu kare tsare dabba a akwati da raunin baki har ta mutu ba. Addini ya halatta kashe macijin da ya shigo maka ɗaki yana barazana ga iyalinka. Azabtar da shi wata da watanni don a tara 'yan kallo wani abu ne dabam, kuma muninsa a idonmu bai cire shi daga cikin halittun Allah ba.

Za a ce da ni, to ai mun ga waɗanda suka sha maganin suka warke. Gaskiya ne, an gani, kuma a nan ne yaudarar ta fi ƙarfi, har shi kansa gardin yana iya yarda da ita tsakani da Allah. Macizai da yawa da ke saran mutane ba su da dafin da ke kisa. Masu dafin ma ba kullum suke zuba shi ba. Sau da dama maciji kan kai sara don tsoro, fiƙa ta huda fata amma ba abin da ya shiga, ko ya shiga kaɗan. Irin wannan mutumin ko ruwan randa aka ba shi zai tashi. In ya sha ƙullin gardi ya tashi, sai ya zama shaida, ya yi ta ba da labari a majalisa shekara da shekaru. Wanda kuwa dafin ya shiga jikinsa sosai, ya sha ƙullin ya mutu, ba ya zuwa majalisa ya ƙaryata kowa. Sai a ce kwana ne ya ƙare, ko an makara, ko macijin turo shi aka yi.

Kububuwa ce ta fi kowane maciji kashe mutane a yankinmu, musamman a kwarin Binuwai da Gwangola: Kaltungo da Billiri a jihar Gombe, Langtang a Filato, da sassan Taraba da Adamawa. 'Yar ƙarama ce, ba ta cika wuce kamu ɗaya da rabi ba, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye. Manomi na yankan gero ko ɗaga dami, ko makiyayi na tafe da silifa da magariba, sai ya ji kamar ƙaya. Abin da ya sa ta dace da kasuwar gardi shi ne yadda dafinta ke aiki. Ba ya kayar da mutum nan take. Ƙafa ta kumbura, ta yi zafi, amma mutum yana magana, yana cin tuwo, har ya ce ya ji sauƙi. A cikin jiki kuwa dafin ya cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai dasashi ya fara tsattsafo da jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya yi ja. Tsagar da aka yi masa da reza a wurin saran, wai don dafi ya fita, ita ma ta ƙi tsayawa. Wani sai bayan kwanaki jinin ya ɓalle a ƙwaƙwalwa. Waɗannan kwanakin da mutum ke ganin kamar ya samu sauƙi su ne damar da Allah ya ba shi ya kai asibiti, kuma su ne ake cinyewa ana dama gari a kunu.

Tun shekarun 1970, likitoci irin su David Warrell, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka bayyana wannan ciwo dalla-dalla, kuma masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano suka ɗora a kai. Akwai gwajin da ake yi a asibitin Kaltungo da ire-irensa wanda ba ya buƙatar ko wutar lantarki. A ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20, sannan a karkata ta. In jinin ya daskare, da sauƙi. In ya kwararo kamar ruwa, dafi na aiki, sai a ɗaura allurar makari ta jijiya. In makarin na gaskiya ne kuma ya isa, cikin kamar awa shida a sake gwajin a ga jinin ya kama. Wannan magani ne da ke nuna aikinsa a ido, a cikin kwalba, kowa ya gani. Ba tare da shi ba, cikin mutum 100 da dafin kububuwa ya shiga jikinsu, 10 zuwa 20 kan mutu. Da shi, adadin kan sauko ƙasa da 2.

Ga wani abin da ya kamata mai ƙulli ɗaya na kowane maciji ya amsa. A wani asibitin karkara a Gana, an daina samun makarin da aka saba amfani da shi, aka koma wani mai araha da aka haɗa a Indiya da dafin macizan can. Mace-mace suka tashi daga kashi 1.8 cikin ɗari zuwa kashi 12.1. Makari ne na masana'anta, a kwalba, da hatimi, amma da yake ba da dafin kububuwar Afirka ta Yamma aka yi shi ba, sai ya kasa. Dafin kububuwa jini yake tsinkawa, na kasa da na gamsheƙa mai tofi nama suke ruɓarwa har a kai ga yanke ƙafa, na wasu kuma numfashi yake tsayarwa. Ta yaya gari ɗaya da aka sha da kunu wata uku da suka wuce zai tare duk waɗannan?

Maganar an dafu kuwa, duniya ta ga waɗanda suka fi gardinmu sabo da maciji, kuma ta ga ƙarshensu. Ali Khan Samsudin na Malesiya, wanda ake yi wa laƙabi da sarkin macizai, saran gamsheƙa ne ya kashe shi a 2006. Karl Schmidt, babban masanin macizai a birnin Chicago, ya mutu a 1957 bayan wani ɗan macijin Afirka ya sare shi a yatsa, ya ɗauka abin bai kai a je asibiti ba. Akwai wani Ba'amurke, Tim Friede, da ya shafe shekaru yana yi wa kansa allurar dafi kaɗan-kaɗan har jikinsa ya samu wata kariya, masana suna nazarin jininsa. Shi ma a 2001 saran gamsheƙa ya jefa shi doguwar suma ta kwanaki, da ƙyar aka ceto shi. Ko an ɗauka wani gardi ya samu irin wannan kariya saboda yawan sara, a jininsa take, ba ta shiga leda a sayar wa wani.

Na san abin da ke tura talaka wurin gardi, kuma ba wauta ba ce. Asibitin da ke da makari yana da nisa, hanya ta lalace da damina, kuɗin allura ya fi ƙarfin mai gona ɗaya, wani lokaci a je a tarar babu. Kamfanin Sanofi na Faransa ya daina yin makarin nan Fav-Afrique a 2014 saboda ba riba, ragowar ya lalace a 2016. Sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da saran maciji cikin jerin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci, alhali ita da kanta ta ƙiyasta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, ya nakasa ninkin haka har kusan uku. Gwamnatocinmu suna da laifi babba a nan. Amma rashin makari a asibiti ba ya mayar da gari makari. Abin da yake yi shi ne ya buɗe wa mai ƙulli kasuwa, ya karɓi kuɗin da da an sa a man babur zuwa Kaltungo. Yanzu kuma ga samari sun ɗauko wasan sun kai TikTok, suna kama maciji da hannu don a danna musu alamar so, ƙannensu na kallo suna koyo.

Akwai tsare maciji mai dafi da yake da hujja, kuma mu ne muka fi kowa cin moriyarsa. Makarin EchiTAb da ake amfani da shi a Najeriya, da dafin macizan ƙasar nan aka yi shi. An kai su makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Liverpool a Ingila, ana ciyar da su, ana tatsar dafinsu da ƙugiya da kayan kariya, ba mai rataya su a wuya. Dafin ake yi wa tumaki allurarsa a Wales, da dawakai a Kosta Rika, sannan a tace kariyar da jininsu ya haɗa a zuba a kwalba. Kububuwarmu sai ta ƙetare teku kafin maganinta ya dawo mana da tsada.

A nan ne nake ganin gardi yana da abin bayarwa na gaskiya, wanda masu cewa a ƙyale shi ba su taɓa nema masa ba. Ya san ramin maciji, ya san sawunsa, ya san lokacin fitarsa, ya iya kama shi da rai. Indiya ta hana mallakar macizai don wasa da dokar kare namun daji ta 1972. A jihar Tamil Nadu, 'yan ƙabilar Irula, waɗanda kamun maciji ne gadonsu, suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa a 1978. Suna kamo maciji da lasisi, su tatsi dafin na 'yan makonni, su mayar da shi daji, su sayar wa masu haɗa makari. Yau mafi yawan dafin da Indiya ke yin makari da shi daga hannunsu yake fitowa. Gadon bai mutu ba, kuma ba a ɗora wa ɗan kowa gamsheƙa a kafaɗa.

Jihohin Gombe da Filato da Taraba suna iya yin irin wannan da gardawanmu: a yi musu rajista, a koya musu aiki da ƙugiya da takalmin roba, a biya su kuɗin kamo maciji don tatsa da kuɗin fitar da wanda ya shiga gidan mutane. Sharaɗin shi ne su ajiye buhun. Kafin gwamnati ta motsa kuwa, sarkin kasuwa da dagaci ba sa buƙatar wata doka daga Abuja. Su ne ke ba da filin da ake kafa da'irar, kuma suna da ikon cewa daga wannan kasuwar ba a ɗora wa yaro maciji, ba a kuma sayar da maganin sara.