"Thou" ba kalmar fada ba ce

Wani abokin aikina da ke koyar da Ingilishi ya nuna mini tsohuwar fassarar Alƙur'ani ta Pickthall, wadda ta fito a 1930. Ya ce abin da ya fi burge shi, duk inda ake magana da Ubangiji ba a cewa "you", sai "thou" da "thee" da "thy". "Ka ga ladabi, Malam. Sun ware wa Allah kalmarsa Shi kaɗai." Na ce ya buɗe wurin da Allah ke tambayar Iblis dalilin ƙin yin sujada. Ya buɗe. Da wannan "thou" ɗin aka kira Iblis.

Ba shi kaɗai ke da wannan zato ba. Kiristoci da dama a Ingila da Amurka na ganin addu'ar da babu "thee" a cikinta kamar shiga fada ne da takalmi. Cocin Mormon har yau tana kwaɗaitar da mabiyanta masu Ingilishi su roƙi Allah da waɗannan kalmomi. Amma asalin abin akasin haka ne. A da, "thou" na mutum ɗaya ne, "ye" da "you" na jam'i. Sannu a hankali aka soma ce wa babban mutum "you", kamar yadda aka koya mana a lakkwal cewa mushe "vous" ne, ba "tu" ba. Sai "thou" ya koma na yaro, da bara, da amini, da wanda ake so a wulaƙanta. A shari'ar Walter Raleigh a 1603, mai gabatar da ƙara Edward Coke ya jefe shi da "thou" da gangan, don cin fuska. Ƴan ɗariƙar Quaker, mabiya George Fox, sun sha duka a ƙarni na 17 saboda sun ƙi ce wa manya "you", suna cewa kowa ɗaya ne a gaban Allah.

To, me ya kai kalmar bara cikin addu'a? Nahawu. William Tyndale, da ya fitar da Sabon Alkawari a 1526, ya ga Girkanci na rarrabe mutum ɗaya da mutane da yawa, sai ya bi sawu. Baibul na Sarki James na 1611 ya ɗora a kai. Can ciki, Allah "thou" ne, Shaiɗan ma haka. Daga baya kalmar ta mutu a kasuwa da cikin gida, in ban da wasu karkarar arewacin Ingila irin su Yorkshire, ta rage a coci. Abin da ba a ji sai ranar Lahadi kuwa, dole kunne ya ɗauke shi mai tsarki. Fassarar RSV ta 1952 ce ta mayar da zaton doka: ta cire "thou" ko'ina, ta bar shi ga Allah kawai. Wadda ta gaje ta a 1989 ta share shi baki ɗaya.

Ban ce masu jin tsoron Allah a cikin "thee" ƙarya suke ba. Wanda ya ji kakarsa na roƙo da ita tun yana goye, kalmar ta zame masa turaren ɗakin tsohuwa, kuma ba ni da hurumin raba shi da ita. Inda na ƙi shi ne a ce wanda bai iya ta ba ya rasa ladabi. Na san yadda yaro ke yin shiru a aji don gudun kuskuren fi'ili. A ɗauki wannan tsoro a kai shi wurin roƙon Allah, mutum na gumi kan ko "hast" ne ko "hath", wannan ba ƙanƙan da kai ba ne, jarrabawa ce.

Faransawa sun bi wata hanya. A 1966 Katolikansu suka bar "vous" a addu'ar Notre Père suka koma "tu", amma gaisuwar Maryamu ta ci gaba da "vous". Ke nan ana yi wa Mahalicci "tu", ana yi wa baiwarsa "vous", kuma ban ga wanda zai ce sun fifita ta a kan Shi ba.

Mu ma haka muke, sai dai ba mu lura ba. Ba na iya ce wa surukina "kai", "kun kwana lafiya, Baba?" nake cewa. Amma in na ɗaga hannu bayan salla, "Ka gafarta mana, Ka ji ƙanmu" nake faɗa, da "ka" ɗin da nake aiken ɗana kanti. Da wani zai ce "Ya Allah, ku gafarta mana", da liman ya kira shi gefe, don jam'i a nan ya taɓa tauhidi.

Abokina dai bai sallama duka ba. Ya ce duk da haka Pickthall ya fi daɗin ji, kuma a littafinsa kana gane ko Annabi kaɗai ake nufi ko dukan jama'a, abin da "you" na yanzu ya haɗiye. A wannan kam na ba shi gaskiya, har na ari littafin zuwa ƙarshen hutu.