KURA DA BUNKURE: RUWA YA ISO, INA MASANA JINYA?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ƙasar Kura, Bunkure da Kadawa ta zama rumbun shinkafa da tumatir. Amma kanal ɗin da ke kai ruwa gona shi ne kuma matattarar sauro da katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Saurayi ya wuni tsamo-tsamo cikin ruwa, ƙwayar ta ratsa fatarsa, sai fitsarin jini, wanda in ya daɗe yakan lalata mafitsara. Ga kuma maganin feshi da kan kayar da manomi nan take, numfashi ya sarƙe.

To, wa talaka ke tararwa in an kwaso shi ranga-ranga cikin dare? Galibi ma'aikacin jinya ne ko na lafiyar al'umma. Likitoci sun tattare a birni. Mahukunta ma sun san da haka, shi ya sa a 2014 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin miƙa wasu ayyukan likita ga ƙananan ma'aikata. Sai dai ɗora wa mutum kaya ba tare da gammo ba zalunci ne, gare shi da majinyacin baki ɗaya.

A Amurka, tun 1965 Loretta Ford da Henry Silver suka soma horar da nas-nas a Jami'ar Colorado don su duba mara lafiya da kansu inda likita ya yi ƙaranci. A 2004 ƙungiyar kwalejojin jinya ta ƙasar ta nemi a ɗaga wannan horo zuwa digirin digirgir na aiki a gefen gadon majinyaci, mai bambanci da na bincike zalla.

Wasu za su ce wanda bai sami tuwo ba ina shi ina zancen miya, a fara samar da nas-nas ɗin tukuna. Gaskiya ne ana ƙarancinsu. Amma wa zai koyar da sababbin, ya sa ido kan aikinsu? Ƙwararre guda a Kura na iya gyara hannun ma'aikata da dama a ƙauyuka. Wasu kuma su ce da sun ƙware za su tsere Ingila. Maganin wannan albashi ne mai mutunci, da yarjejeniyar yi wa yankinsu aiki.

Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello na koyar da jinya, ga Asibitin Malam Aminu Kano. Ya rage a buɗe wannan mataki, Majalisar Jinya da Ungozoma ta amince da shi, doka ta fayyace hurumin mai shi.

Samarin da ke ganin jinya aikin mata ne kuwa su sake tunani. Manomin da ke kunyar faɗin fitsarin jini ya fi sakin baki gaban namiji ɗan garinsu.