Yaron Da Ya Ga Tashin Hankali, Bulala Ba Maganinsa Ba Ce

Masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wannan karin magana ya ƙunshi wani ilmi da ya kamata malaman makaranta da ma'aikatan ofis su tsaya su lura da shi, domin a cikin yaran da a ke kawo muku aji, da mutanen da ke tsayawa gaban teburinku, akwai masu ɗauke da raunin da ido ba ya gani.

Tun 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, mutum fiye da miliyan 2 sun bar gidajensu. A Zamfara da Katsina da Sakkwato kuma 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa. Yaron da aka kashe ubansa a gabansa, ko ya kwana yana gudu cikin daji, ya kan iso makaranta ba ko ƙwarzane a jikinsa. Amma in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Ba ya riƙe karatu, yana gyangyaɗi a aji, ko kuwa ya kama faɗa ba dalili. Malamin da bai sani ba sai ya ce taurin kai ne, ya ɗauko bulala.

Ga yadda abin ya ke. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe wanda aikinsa gadi ne. Da ya hangi haɗari sai ya aika wa waɗansu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda, su kuwa su zuba sinadari cikin jini. Nan da nan zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya yi sauri, jiki ya ɗaure domin gudu ko faɗa. Wannan baiwa ce, ita ke ceton rai. To, amma in firgitar ta yi tsanani, sai mai gadin nan ya ƙi komawa ya zauna, ko da haɗarin ya wuce. Daga nan a ke samun mugun mafarki, da rashin barci, da faɗuwar gaba, da ciwon kai, da ciwon ciki, da gudun duk abin da zai tuna wa mutum ranar nan. Yawancin mutane su kan warware da kansu cikin 'yan makonni. Wanda abin ya zarce masa wata guda, har ya hana shi aiki ko karatu, shi ne ke bukatar likita.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. A 1915 wani likitan Ingila, Charles Myers, ya yi rubutu a kan sojojin da suka ruɗe bayan fashewar bom a kusa da su, har suka kasa tuna abin da ya faru. A 1980, bayan yaƙin Biyetnam, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi cikin jerin cututtukan da a ke yi wa magani. Watau ciwo ne sananne, ba ragwanci ba ne, ba kuwa raunin imani ba.

Wani zai ce, ai mu haƙuri da addu'a muka gada. Gaskiya ne, kuma suna sanyaya zuciya ƙwarai. Amma wanda ya karye a ƙafa ya kan yi addu'a, sa'an nan ya nemi maɗori. A nan ƙasar ma muna da abin koyi. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda marasa lafiya ke sauka a ƙauyukan da ke kewaye tare da danginsu, suna zuwa asibiti karɓar magani. Ya gane cewa zama cikin jama'a shi kansa magani ne.

Saboda haka, ya ku malamai, ku ajiye bulala ga irin wannan yaro, gama duka sake tayar da mai gadin nan ya ke yi. Ku ba shi wurin zama tabbatacce, da aiki kaɗan kaɗan, da lokacin wasa da 'yan'uwansa. Kada ku tilasta masa ba da labari gaban aji; in ya so faɗa, ku saurara. Ku kuma ma'aikatan ofis, in mai gudun hijira ya rikita kwanan wata ko ya kasa amsa tambaya, kada ku yi saurin ce masa maƙaryaci, firgita ta kan dagula tunani.

In abin ya ƙi sauƙi, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware, akwai kuma na Dawanau a Kano. Can a kan zauna da mutum a bi labarin sannu sannu har tsoron ya rage ƙarfi, wani lokaci a haɗa da magani. A guji ƙwayoyin kasuwa irin su taramol, barcin da su ke sa wa bashi ne. A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Ya rage ga hukuma ta koya wa malamai gane alamun nan tun daga kwalejin horonsu.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.