Kallon Tsuntsu A Fadamar Haɗejiya Da Nguru Ba Zaman Banza Ba Ne



Idan ka ce wa mutum za ka tashi takanas daga Kano ko Dutse ka tafi Dagona don ka wuni kana kallon tsuntsaye, amsar da za ka samu ba ta wuce biyu: ko ya ce ka rasa aikin yi, ko ya ce ka ɗauko ɗabi'ar Turawa. Ni kuwa a ganina, wuni ɗaya na kaka a bakin wannan fadama ya cancanci kuɗin mota, domin mai ƙirga tsuntsun ruwa lafiyar ruwan yake aunawa, ruwan nan kuma shi ne abincin masunta da manoma da makiyaya.

Ga wanda bai san wurin ba, kogin Haɗejiya da na Jama'are ne suke malala a tsakanin Jigawa da Yobe, su bazu cikin fadamu da tafkuna, kafin su haɗe su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. A nan ake da Tafkin Nguru da mashigar Marma, waɗanda a shekarar 2000 suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar kare dausayi ta duniya, wadda aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Tafkin Dagona da ke ƙasar Bade da fadamar Baturiya ta Jigawa sun biyo baya a 2008.

Me ya sa na ce kaka? Saboda lokacin canjin baƙi ne. Shamuwar da ta zo mana da albishir ɗin damina tana haɗa kayanta ta yi kudu. Daidai lokacin kuma wasu baƙin suke sauka daga arewa: ƙananan agwagin daji da tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu, waɗanda suka yi ƙwai a Turai da Rasha, suka gudo wa sanyi, suka tsallake Bahar Rum da Sahara. Bayan wannan doguwar tafiya, fadamu irin namu ne masaukinsu na farko mai ruwa da abinci.

Idan ka isa bayan asuba, kafin rana ta ɗaga, da kunne za ka fara kallon. Kirinjijiya na wucewa garke-garke suna fito. Da gari ya ƙara wayewa sai ka hangi zalɓe tsaye a ruwa kamar an dasa shi, dinya na kiwo a gefe, balbela na bin sawun shanu. Can tsakiyar tafki kuma baƙin Turai ne suka rufe ruwa, idan shaho ya gifta su tashi gaba ɗaya kamar hayaƙi. Mai kwalekwalen da zai tura ka ya san inda kowanne yake kwana, ya san wanda ya ƙaru bana da wanda ya daina gani. Ka tambaye shi yaushe rabonsa da gauraka, tsuntsun da ake yi wa kallon alamar Nijeriya, wanda yanzu ganinsa ya yi wuya ƙwarai a ƙasar. Amsarsa kaɗai darasi ce.

Na san abin da wani zai ce: ana fama da tsadar abinci, wa yake ta tsuntsu? Manomin Guri ko Kirikasamma ma zai ƙara da cewa shi tsuntsun da ya sani jan-baki ne, mai cinye masa gero da shinkafa a wuni guda. Maganarsa gaskiya ce, amma mu bi ta zuwa tushe. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza. A da, ambaliya takan zo da ƙarfi a ƙarshen damina, ta shimfiɗu a fadama, sannan ta janye ta bar danshin da ake noman rani a kai da ɗanyar ciyawar dabbobi, hanyoyin ruwa kuma su bushe. Yanzu ambaliyar ta ragu, wasu hanyoyin kuma ba sa rabuwa da ruwa duk shekara. Irin wannan ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa shi kacala take so. Ta cika mashigai, ta tare laka, ta sa ruwa ya kwanta a gonakin wasu, wasu kuma ya daina kai musu. A cikin kacalar nan jan-baki yake samun mafaka. Ashe abin da ya rage wa agwagwar daji filin sauka, shi ne ya hana masunci jefa taru, shi ne ya ƙara wa manomi ɓarna. Ciwon ɗaya ne.

Shi ya sa ƙirgar tsuntsaye take da amfani. Duk watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama, har da wannan yanki, kuma da irin waɗannan alƙaluma ake nuna wa masu sakin ruwa a madatsu abin da ke faruwa a ƙasa. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke tare da Jami'ar Jos tana tattara bayanan da 'yan sa-kai suke turowa ta waya daga sassan ƙasar nan. Ba a neman digiri. Ido ake nema, da haƙuri, da gaskiya wajen rubuta abin da aka gani.

Mu marubuta kuwa muna da namu kason. Ku duba littattafanmu na yanzu: an zana falo da mota da leshi dalla-dalla, amma idan aka zo kan daji sai a ce "tsuntsaye na ta kuka", shi ke nan. Iyayenmu sun bambanta dinya da kirinjijiya, sun san kwasakwasa da borin-tunke, sun saka su cikin karin magana da tatsuniya. Yaron da ya tashi a birni yau da wuya ya kawo sunan tsuntsun ruwa biyar. Sunan da aka daina faɗa ɓacewa yake, kuma abin da ba ka san sunansa ba, ba za ka lura ranar da ya tafi ba. Kunyar a nan ita ce baƙo ya zo daga Ingila da littafinsa ya san abin da ke tafkinmu, mu da muke shan ruwan ba mu sani ba.

Shawarata mai sauƙi ce. Tsakanin Oktoba da Disamba, ƙungiyoyinmu na marubuta da na ɗalibai su ware rana guda. A tuntuɓi ma'aikatan gandun kafin a je, a bi ƙa'idarsu, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora a biya shi haƙƙinsa. A bar danƙo a gida, a rage hayaniya, kada a bar leda a bakin ruwa. Wanda ba shi da madubin hangen nesa ya tafi da biro da takarda, ya rubuta sunan kowane tsuntsu yadda masunta suke faɗarsa, da Hausa ko Badanci ko Barbarci, da ranar da ya gan shi da yawansu. Wanda Dagona ta yi wa nisa, akwai kududdufi ko fadama a bayan garinsu.

Kafin mako mai zuwa, ina roƙon kowa ya kawo mana sunayen tsuntsayen ruwa da ake faɗa a garinsu, mu ga nawa za mu iya tarawa. Allah Ya ba mu kaka mai albarka.