Ɗigon da ba a gaya wa yaran Mansur dalilinsa ba

A ba yaron aji biyar na ibtida'i a Shari' Mansur da ke Makka 347 sau 26, a koma gefe a gani. Jadawalin sau yana bakinsa tiryan-tiryan. Zai jera lambobi, ya sauko layi na biyu, ya ɗiga sifili domin ustazu ya ce a ɗiga. A tambaye shi dalili, sai ya yi zuru. Ga shi sifilin Larabawa ɗigo ne ƙanƙani, ran da ya manta shi sai amsar ta faɗo daga 9,022 zuwa 2,776, kuma ko a jikinsa.

Abin da ya hana mai wannan shafi sukuni a makon nan ke nan, domin uwar yaron, mai sayar wa alhazai tuwo, ba ta yin wannan ɓaranɓarama. Kwano 35 a kan riyal 12 kowanne: ta fara da goma-goma, 350, ta ɗora bibbiyu, 70, ta ce 420 kafin mai saye ya laluba aljihu. Ba ta taɓa riƙe alli ba, amma ta san a warware lamba gida-gida. Abin da ake ɓoye wa ɗanta ke nan. Biyun da ke cikin 26 ashirin ce. 347 sau ashirin 6,940, sau shida 2,082, a tara. Yaron da aka nuna wa haka zai gane 2,776 ta yi kaɗan tun bai duba ba. Masu cewa ai kowa da waya a hannu, su faɗi yadda zai gane in yatsansa ya danna kuskure.

Kuma lissafi ba baƙonmu ba ne. Muhammad al-Katsinawi ya zo garin nan aikin Hajji, ya rubuta littafi kan tsara hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Jikokinsa ne yau ke tsoron lamba mai gida uku!

Wannan ma waɗanda suka samu aji ke nan. Akwai 'ya'yan marasa igama, wato takardar izinin zama, da ba sa zuwa makaranta, sai karatun lungu da yawon talla. Attajiranmu da ke zuwa Umra duk azumi sun san da su sarai. Albashin malamin lissafi ɗaya bai kai kuɗin ɗakin otal ɗin da suke kamawa a bakin Harami a goman ƙarshe ba, kuma har yau shiru kake ji.