Tsofaffin 'Ya'yan Majong da Iyakar Aikin Mai Gyara

Daga cikin wasannin zaune da suka bazu a duniya akwai wani na mutanen ƙasar Sin da ake kira majong. Mutum huɗu ke yin sa, kuma tsarinsa ya yi kusa da na karta, sai dai maimakon takarda ana amfani da waɗansu 'yan guntaye masu kusurwa huɗu, kowanne bai kai gidan ashana girma ba. Su ne za a kira 'ya'ya a wannan maƙala, kamar yadda ake cewa 'ya'yan dara. Cikakken akwati yana ɗauke da 'ya'ya 144. Daga ciki 108 sun kasu gida uku, waɗanda asalinsu siffofin kuɗi ne, watau kwabbai da igiyoyin kwabbai da dubu goma-goma. 16 na iskokin kusurwoyin duniya huɗu ne, 12 na manyan alamomi uku, ragowar 8 kuwa na furanni da lokutan shekara. A yau akwai mutane a Asiya da Turai da Amurka waɗanda suka mai da tara tsofaffin akwatunan wannan wasa da gyara su abin sha'awa, waɗansu ma sana'a. Tarawar abin yabo ce. Gyaran ne yake da abin dubawa, domin sau da yawa garin neman gira akan rasa ido.

Kafin a yi hukunci ya kamata a san abin da ke cikin akwatin. Wasan ya samo asali ne a ƙarni na 19 a yankin biranen Ningbo da Shangai. Daga cikin akwatuna mafi daɗewa da aka sani akwai waɗanda wani Ba'amurke mai suna George Glover, da ya yi aiki a birnin Fuzhou, ya kai ƙasarsu cikin shekarun 1870. A 1920 wani ma'aikacin kamfanin Standard Oil, Joseph Babcock, ya buga ɗan littafin ƙa'idojin wasan da Turanci, kuma ba a ɗauki lokaci ba Amurkawa suka afka masa, har ya zama abin yayi tsakanin 1922 da 1924. Buƙata ta yi yawa ainun, ta kai ana loda ƙasusuwan shanu daga mayankan Shikago zuwa Shangai don masu sassaƙa su sami abin aiki.

Yadda ake yin kowane ɗa shi ne abin lura. Fuskarsa ƙashin ƙwaurin saniya ne, bayansa kuwa itacen gora. Akan yi wa ɗayan tsagi, a fiƙe ɗayan ya shige ciki ya kulle, ba tare da ƙusa ba. Bayan haka sai mai zane ya ɗauki ƙarfensa ya ƙwaƙule siffar da hannu, a cika ramin zanen da launi ja ko kore ko shuɗi. Masu wannan aiki ba su sa sunayensu a jikin kayan ba. Abin da ya rage na shaidar rayuwarsu shi ne zurfin zanen, da karkatar layi, da irin tsuntsun da kowane shago yake zanawa a kan ɗan farko na gidan igiyoyi, da hotunan tatsuniyoyi da wasannin kwaikwayo na Sinawa da akan samu a kan 'ya'yan furanni. Ko lambobi da haruffan boko da ake gani a kusurwar waɗansu 'ya'yan labari ne, don suna nuna an yi kayan ne saboda baƙi waɗanda ba su iya karanta rubutun Sin ba. Bugu da ƙari, bayan 1949 gwamnatin Kwaminis ta hana wasan saboda caca, a zamanin Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976 kuma aka ɗauke shi cikin tsofaffin ɗabi'un da ake yaƙa, ba a sassauta ba sai cikin shekarun 1980. Ke nan akwatin da ya tsira, ko a gida ko a ƙetare, ba shi da madadi.

To, me mai gyara yakan yi idan irin wannan akwati ya shigo hannunsa? Abu na farko da yakan tsone masa ido shi ne launi. Ƙashi yakan yi ɗorawa-ɗorawa saboda shekaru da maiƙon yatsu, sai ya ga ai datti ne. Wani ya jiƙa 'ya'yan cikin ruwa, gorar ta kumbura, haɗin ya saki, launin zanen ya narke. Wani ya sa maganin farar da tufafi, ƙashin ya yi fari fat na ɗan lokaci, daga baya ya riƙa gari kamar alli. Wani kuma ya goge fuskar da samfefa, ya cinye rabin zurfin zanen, sa'an nan ya bi shi da sabon fenti mai ƙyalli. Haka abin yake ga 'ya'yan roba na farko-farko, irin su Bakelite da Catalin, da aka riƙa yi a Amurka daga shekarun 1930. Yawancinsu da haske suka fito daga masana'anta, iska da rana suka rine su suka koma ruwan zuma. Wanda ya kankare wannan launi ya kankare shekarun kayan ne, kuma wahalar banza ya yi, domin za su sake rinewa.

Akwai wani misali da ya fi waɗannan ban takaici. A 1937 aka kafa ƙungiyar masu wasan ta Amurka a birnin Niyok, wadda ta riƙa sauya ƙa'idoji daga lokaci zuwa lokaci. Daga farkon shekarun 1960 ta shigo da joka, watau ɗan da ke iya tsayawa a madadin wani, har adadin 'ya'yan akwatin Amurka ya tsaya a 152. Matan da suka riga suka mallaki tsofaffin akwatuna ba su zubar da su ba. Sai suka riƙa manna 'yar takarda ko ɗiga jan farce a kan rarar 'ya'yan furanni, su mai da su joka. Mai gyara na yau yakan ɓamɓare takardar ya goge jan farcen da sunan mai da kaya yadda suke tun asali, alhali kuwa abin da ya cire shi ne kaɗai ke faɗin shekarun da aka yi wasa da akwatin da irin hannun da ya riƙe shi.

Masana adana kayan tarihi sun daɗe da shimfiɗa ƙa'ida a kan irin wannan. Yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Benis na Italiya a 1964, ko da yake kan gine-gine aka yi ta, ta tanadi cewa duk abin da aka ƙara don cike gurbi ya dace da sauran, amma a iya bambanta shi da na asali. Mai ɗinkin ƙwarya ma haka yake yi: ɗinkinsa a fili yake, ba wanda zai sayi ƙwaryar bisa zaton sabuwa ce.

Sai dai a nan ne masu gyara suke da hujja mai ƙarfi, kuma rashin adalci ne a ƙi sauraronta. Majong wasa ne da ake kife 'ya'ya a jera su kamar katanga, kowa ya ja ba tare da sanin abin da zai zo masa ba. Idan ɗa guda ya ɓace, akwatin duka ya tashi daga aiki. Idan kuma aka cike gurbin da wanda bayansa ya fi sauran haske ko duhu ko kauri, kowane ɗan wasa zai gane shi daga nesa, ya zama kamar karta mai alama. Saboda haka ƙa'idar gidan tarihi tana neman a ga gyara, ƙa'idar wasa kuwa tana neman a ɓoye shi. Mai gyara zai ce an yi kayan ne don a yi wasa da su, kuma akwatin da aka kulle a bayan gilashi ya mutu ko da bai rasa kome ba.

Wannan gaskiya ne, amma bai halatta duk abin da ake yi da sunansa ba. Wasa bayan ɗa da gefensa kawai yake buƙatar su saje. Fuskar, wadda ba mai ganinta sai wanda ya ja, tana iya ɗaukar 'yar alama a kusurwa mai nuna cewa baƙo ne. Haka kuma ba abin da zai hana a ajiye takarda a cikin akwatin, a rubuta ɗan da aka sauya, da inda aka samo shi, da shekarar da aka yi aikin. Wanda ya ƙi yin ɗayan biyun nan, da wuya a ce wasa ne ya dame shi. Ya fi kama da mai tunanin ranar gwanjo. Kasuwar kuwa dama ba ta rasa ruɗi. Akwatuna da yawa da ake tallarsu da sunan hauren giwa ƙashi ne zalla, kuma ganewar ba wuya: ƙashi yana da ɗige-ɗige da 'yan layuka masu duhu, hanyoyin jini ke nan, haure kuwa yana da layuka masu gicciye juna kamar saƙa. Tun da aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989, Sin kuma ta rufe kasuwarta ta cikin gida a ƙarshen 2017, wannan ƙarya tana iya jawo wa mai ita abin da ya fi asarar kuɗi.

Daga ina ake samun ɗan cike gurbin? Galibi daga wani akwatin da aka farke. Dillali yakan sayi akwatin da ya rasa 'ya'ya goma, ya sayar da ragowar ɗai-ɗai, abin da bai shiga ba a huda shi a yi abin wuya ko na hannu. Ta haka akan kashe akwati guda don a rayar da biyar, su biyar ɗin kuma kowanne ya zama gauraye. Akwatin da giɓinsa ya yi yawa ya fi dacewa a bar shi yadda yake, a share masa ƙura da busasshen ƙyalle, a nisanta shi da damshi da zafin rana, a nemi sabo don wasan yau da kullum.

Idan kuwa lalle sai an cike, akwai hanyar da ba ta bi ta kan wani akwatin ba. A 2014 hukumomin Hong Kong suka sa sana'ar yin 'ya'yan majong cikin jerin al'adun gado na yankin, a lokacin da injuna suka riga suka ƙwace kasuwar, masu zanen hannu suka rage 'yan ƙalilan, mafi yawansu tsofaffi. Kuɗin da mai tara kaya zai ba dillalin da ya farke akwati, da irin waɗannan masu sana'a ya kai wa, su zana masa sabon ɗa, ya rubuta sunan wanda ya zana da shekarar a takardar cikin akwatin.