Shekarar da Nima ta cire sifiri huɗu

A watan Yulin 2007, zamanin Shugaba Kufuor, Babban Bankin Ghana ya canza kuɗi. Tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya, takardar 20,000 ta zama sidi biyu, 5,000 ta zama fesuwa 50. Miliyan guda, da ake faɗa da cika baki, ya dawo sidi ɗari. Har ƙarshen shekarar, tsoho da sabo tare suke yawo a hannun jama'a.

'Yan boko a unguwannin Nima da Maamobi suka shiga tausaya wa iyayenmu mata 'yan kasuwa, wai za a cuce su. Tausayin bai yi nisa ba. Hajiya mai waakye, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, sai ta karɓi tsohuwar takarda, ta ba da canji da sababbin kwabbai, ɗaya hannun yana cikin tukunya. In mai saye ya tsaya ƙirga da yatsu ta ce, "Ɗana, kuɗinka daidai ne, matsa wa na bayanka." Yaron motar trotro kuwa, daga Nima har Circle yana riƙe da canjin mutum goma a ka, kowa da irin kuɗin da ya miƙa.

Abin da suke yi raba lamba ne da 10,000, wato matsar da ɗigo gida huɗu. A kan wannan darasin ne ɗan Hajiyar yake shan bulala a ƙaramar sakandare, har ya hakikance kansa ba ya ja.

Mun taso da lissafin ka na safe. Malam yana zagaya layi da bulala, ya tsaya a gabanka: bakwai sau takwas? Yaron da ya san 56 tun daga gida, da ya ga inuwar sanda sai bakinsa ya ce 54. Wani kuma haddar tasa a jere take, sai ya faro daga bakwai sau ɗaya yana rerawa ƙasa-ƙasa, kafin ya iso takwas an wuce shi. Yanzu muna tunawa mu yi dariya, amma da yawa daga cikinmu a wannan layin suka rabu da lissafi har abada. Kuma rabuwa ce mai tsada, domin babu mai tsallake shi a jarrabawar BECE, wanda ya faɗi shi a WASSCE kuwa jami'a ta yi masa nisa.

Ba na ɗora wa malaman laifi duka. Aji a cike, littafi ɗaya ga yara da dama, su ma haka aka koya musu. Kuskuren shi ne an karɓi yaro kamar randar da babu komai cikinta, alhali ya zo da adashin mahaifiyarsa, da ribar ƙosai, da bashin da ake bin maƙwabta, duk a kansa. Da an fara da waɗannan, da alli ya zo ya tarar da hanya a share.

Akwai ma wani lissafin da ya fi wannan zurfi a zaure. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa da 'ya. Mata tana da sumuni, uwa tana da sudusi. Malamin gado zai kasa dukiyar kashi 24: mata 3, uwa 4, saura 17. Namiji yana ɗaukar rabon mace biyu, 17 kuma ba ta rabuwa uku, sai ya ninka komai sau uku ya koma 72: mata 9, uwa 12, ɗa 34, 'ya 17. Wannan shi ne haɗa ɓangarorin lamba da ake kuka da shi a aji. Al-Khawarizmi kansa, a Bagadaza, kaso mai yawa na littafinsa na aljabara a kan gado da wasiyya ya yi shi.

Tun 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana, arabiyya da boko suka shiga makaranta ɗaya. Ina roƙon shugabannin irin waɗannan makarantu a zangunanmu su haɗa malamin fiƙihu da na lissafi a aji guda, ko da sau ɗaya a zangon karatu, su raba gadon nan tare a kan allo a gaban yara.